Tukunyar alminiyam da ciwon mantuwa: ɓeraye ba su raba gardama ba

Tun 1965, lokacin da aka yi wa zomaye allurar sinadarin alminiyam aka ga ƙwaƙwalwarsu ta lalace, ake zargin wannan ƙarfe da hannu a ciwon mantuwa na Alzheimer. Maganar ta shafi kowane gida daga Yamai zuwa Garwa, tunda a tukunyar alminiyam ake tuƙa tuwo.

Gwajin da aka yi kan ɓeraye bai tsaya kan amsa ɗaya ba. A 2002 masu bincike a Amurka sun ciyar da ɓerayen da aka sauya wa ƙwayoyin gado abinci mai alminiyam, suka ga dattin furotin da ake dangantawa da cutar ya ƙaru a ƙwaƙwalwarsu. A 2012 wasu a Japan suka daɗe suna ba irin waɗannan ɓeraye sinadarin, ba su ga cutar ta ƙara sauri ba. Ɓera dai shekara biyu zuwa uku yake yi a duniya, kuma abin da ake ɗura masa a ɗakin gwaji yakan zarce abin da mutum ke ci nesa ba kusa ba.

A jikin mutum, hanji ba ya tsotsar ko kashi 1 cikin 100 na alminiyam ɗin da aka haɗiye, wanda ya shiga jini kuma ƙoda ke fitar da shi. Masu ciwon ƙoda ne ke cikin haɗari na zahiri. A 2011 kwamitin ƙwararru na hukumomin FAO da WHO ya ƙayyade miligiram 2 kan kowane kilo na nauyin jiki a mako.

Abin da ya fi cancantar hankalin hukumomin yankin yana wajen maƙera. A wurare irin kasuwar Katako ta Yamai, tarkacen injin mota da gwangwanaye ake narkarwa a zuba tukwane. Binciken da aka wallafa a 2014 kan irinsu a Kamaru ya gano suna sakin dalma cikin abinci, ita kuwa dalma babu jayayya kan illarta ga ƙwaƙwalwar yara. Miyar tumatir, tsamiya, yakuwa da kanwa duk suna cin jikin tukunya, balle idan abincin ya kwana a ciki.

Hana sana'ar zai jefa iyalai da yawa cikin yunwa, kuma talaka ba shi da kuɗin tukunyar waje. Tantance tarkacen kafin a narka shi ya fi araha, amma wannan aiki ne na hukumomin kula da ingancin kaya, waɗanda ba kasafai suke leƙa maƙera ba.