Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Zaɓen Sandar Golf ga Mai Sanyin Bugu

Gabatarwa

Wasan golf, wanda wasu kafofin yaɗa labarai ke kira ƙwallon lambu, ya bunƙasa ne a ƙasar Sikotland, inda har Sarki James na Biyu ya haramta shi a 1457 don yana shagaltar da mutane daga koyon harbin baka. Turawa ne suka kawo shi Nijeriya. Filin Rayfield da ke Jos ya samo asali tun 1913, kuma akwai filaye a Kano da Kaduna da Abuja. Da yawa daga masu buga shi dattawa ne da mata da sababbin shiga, waɗanda hannunsu ba ya kaɗa sanda da sauri. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, irin waɗannan 'yan wasa suna cutar kansu idan suka zaɓi sanda don kwaikwayon gwanaye, kuma abin da ya dace da su shi ne sanda mai rangwame.

Sandunan Itace da Lambobinsu

Dokar wasan ta ƙayyade wa ɗan wasa sanduna 14 a jakarsa. Daga cikinsu akwai rukunin da ake kira sandunan itace, domin a da da icce ake sassaƙa kawunansu. Kamfanin TaylorMade ya fito da na ƙarfe a 1979, yau kusan duk na ƙarfe ne, amma sunan bai canza ba. Babbar cikinsu ita ake buɗe rami da ita, an ɗora ƙwallo a kan ɗan tsinke. Sauran, wato masu lamba 3 da 5 da 7 da 9, an yi su ne don bugu mai nisa daga tsakiyar fili, ƙwallo yana kwance a kan ciyawa.

Babban abin da ya bambanta su shi ne kwanciyar fuska, wato yadda fuskar da ke dukan ƙwallo ta kishingiɗa baya. Galibi mai lamba 3 tana da digiri 15, mai lamba 5 digiri 18, mai lamba 7 digiri 21, mai lamba 9 kuwa wajen digiri 24. Har ila yau, ƙota tana raguwa da kimanin rabin inci daga wannan sanda zuwa ta gaba.

Dalilan da Suka Sa Rangwame Ya Fi

Dalili na farko ya shafi tashin ƙwallo. Ƙwallo yana daɗewa a sama ne idan ya tashi da tsayi kuma yana juyawa da baya, sannan saurin sanda ne ke samar da wannan juyi. Gwanayen maza a manyan gasannin Amurka suna kaɗa babbar sanda da saurin da ya haura mil 110 a sa'a, saboda haka digiri 15 ya wadace su. Wanda bugunsa bai kai mil 85 ba kuwa, ƙwallonsa yakan tashi ƙasa-ƙasa ya faɗi da wuri. Wannan ne ya sa sau da yawa mai lamba 5 takan kai masa ƙwallo nesa fiye da mai lamba 3, duk da cewa a ƙa'ida mai lamba 3 ce ta nisa.

Na biyu shi ne ginin kan sandar. Duk lokacin da ƙwallo ya kauce wa tsakiyar fuska, kan sanda yakan murɗe, bugu ya karkace, nisa ya ragu. Idan aka baza nauyin kan zuwa gefe-gefe da baya, murɗewar takan yi sauƙi. Idan aka sauke nauyin ƙasa, ƙwallo yakan tashi ba wahala. Abin da ake nufi da rangwame ke nan: kuskuren hannu bai zama babbar asara ba. Bugu da ƙari, fuska marar tsayi ta fi shiga ƙarƙashin ƙwallon da ke kan ƙasa mai ƙarancin ciyawa.

Na uku shi ne ƙota. Ana rubuta ƙarfinta da haruffa: L da A su ne masu laushi, R matsakaiciya, S da X masu tauri. Mai sanyin bugu ba ya iya tanƙwara ƙota mai tauri, don haka ƙwallonsa yakan fita ƙasa-ƙasa, sau da yawa ya bauɗe. Ƙota marar nauyi mai laushi ita ce daidai da shi, kuma gajartarta tana taimaka masa ya riƙa samun tsakiyar fuska.

Hujjojin Masu Saɓani

Wasu suna cewa sanda mai lamba 7 ta tsofaffi ce, ɗaukarta zubar da girma ne. Wannan magana ba ta da tushe, domin Dustin Johnson, ɗaya daga cikin masu ƙarfin bugu a zamaninsa, yana da mai lamba 7 a jakarsa lokacin da ya ci gasar Masters a 2020. A takardar sakamako yawan bugu ake rubutawa, ba a tambayar lambar sanda.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. A lokacin rani ƙasar filayen Arewa takan bushe ta yi tauri, ƙwallon da ya tafi ƙasa-ƙasa yakan gangara ya yi nisa, ga iskar hunturu da ke tare wanda ya yi sama. Gaskiya ne. Sai dai gangara ba ta tsallake ramin yashi ko tafki, kuma ba ta tsayar da ƙwallo kusa da rami. Da damina ta sauka ƙasa ta jiƙe, nisan da ƙwallo ya ci a sama kaɗai ke amfani. Wanda ya sayi sanda don rani kawai ya yi tanadin rabin shekara.

Kammalawa

Sandunan golf daga waje ake shigo da su, kuma suna da tsada, saboda haka kuskuren zaɓe asarar kuɗi ne. Babbar asarar kuwa ita ce mutum ya yanke ƙauna ya bar wasan da ke sa shi tafiyar kilomitoci a ƙasa, alhali sandar ce ba ta dace da shi ba. Shawarar ita ce a auna saurin bugu a wurin mai koyarwa, a gwada mai lamba 5 da mai lamba 7 a kan ciyawa, a lura da wadda ta fi tashin ƙwallo a bugu goma, kafin a biya kuɗi. Malamin da zai koyar da wasannin motsa jiki ya kamata ya riƙe wannan ƙa'ida tun daga makaranta: kayan wasa ake daidaitawa da jikin ɗalibi da ƙarfinsa, daidai ruwa daidai tsaki.