Kotu kan saki mutum, amma wa zai mayar masa da sunansa?

A watan Agusta 2018, 'yan sanda suka kama maza 57 a wani otal da ke Egbeda a Legas bisa zargin luwaɗi, suka jera su a gaban 'yan jarida. An gurfanar da 47 daga cikinsu. A watan Oktoba 2020, Mai Shari'a Rilwan Aikawa na Babbar Kotun Tarayya ya kori ƙarar saboda sakacin masu gabatar da ita. Ba a sami ko ɗayansu da laifi ba. Amma fuskokinsu sun riga sun zaga ƙasa: wasu sun rasa aiki, wasu an kore su daga gidan haya, wasu dangi sun juya musu baya.

Nan kusa da mu ma, a watan Afrilu 2017 an kama mutum 53 a Zariya, aka ce bikin auren jinsi ɗaya suka je. Lauyansu ya ce yawancinsu ɗalibai ne a bikin zagayowar ranar haihuwa. Zargin ya yi nisa, wannan bayani kuwa kaɗan ne suka ji shi.

Me ya sa irin wannan labari ke ci kamar wutar daji? Jaridun neman kasuwa da shafukan Facebook suna samun kuɗi daga yawan masu karatu, kanu mai tada hankali kuwa shi ke jawo su. Ga kuma ƙiyayya, wadda ba ta tambayar hujja. Tun da aka sa hannu kan dokar hana auren jinsi ɗaya a watan Janairu 2014, wannan zargi ya zama makami mai arha a hannun mai bin bashi, da mai hassada, da mai neman karɓar kuɗi da barazana.

Mu da ke Kakuri, Barnawa, Narayi da Sabon Tasha mun san ƙarfin rubutu. A watan Nuwamba 2002, rikicin da ya biyo bayan wani rubutu a jaridar ThisDay ya ci rayuka sama da 200 a Kaduna.

'Yan'uwa, duk abin da ikkilisiya take koyarwa game da aure, bai ba mu izinin yin shaidar zur ko duka a titi ba. Shaidun ƙarya biyu kawai aka nema aka jajjefi Nabot, kamar yadda 1 Sarakuna 21 ya nuna. Sashe na 36(5) na tsarin mulkin 1999 ma ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi sai an tabbatar.

Saboda haka, idan hoton wani ya shigo WhatsApp na zumuntar matasa ko ta mata, kada mu tura shi gaba. Mu tambayi wanda ya turo: ka gani da idonka? Dattawa su saurari mutum kafin su ambaci sunansa a taro. In kuwa jama'a suka taru a kansa, mu ne ya kamata mu tsaya a ƙofarsa mu kare ransa.