"Ta gama tuwo": ci ake nufi ko tuƙawa?

Idan aka ce "uwargida ta gama tuwo", kowane Bahaushe ya san tuƙawa ake nufi. In kuma aka ce "yaro ya gama tuwonsa", ci ne. Ba a furta "tuƙa" ko "ci" ba, amma mai sauraro ya cike gurbin da kansa. "Fara" da "gama" aiki suke nema, sai mai magana ya ba su sunan abu, aikin ya sakaye a ciki.

A 1995, masanin harshe James Pustejovsky na Amurka ya ce kalmar kanta tana ɗauke da bayanin yadda ake yin abu da kuma amfaninsa: littafi, a rubuta, a karanta. A 2003, Mirella Lapata da Alex Lascarides suka sa kwamfuta ta ƙirga a tarin rubutun Turanci, don hasashen aikin da ya fi zuwa da kowane suna.

A ganina duka biyun sun taimaka, amma ba su wadatar ba. "Gara ta gama littafin" ba karatu ba ne. Sanin halin gara ne ya warware maganar.

Nan ne abin ya shafe mu. Manhajojin fassara daga rubutu suke koyo, Hausar yau da kullum kuwa ba ta da yawa a intanet. Muddin ba mu rubuta ta tela da ta madafa ba, na'ura za ta ci gaba da ciyar da uwargida tuwon da ta tuƙa wa iyali.