Raddi ga Mai Cewa Sikeli Ya Isa Shaida a kan Kitsen Tsoho

Wani marubuci, Allah ya shirye mu da shi, ya fito yana da'awar cewa mai son sanin yawan kitsen da ke jikin dattijo ba ya bukatar kome illa sikeli da awon tsawo, a yi lissafi, in adadin ya faɗa tsakanin 18.5 da 25, to, tsohon lafiya lau yake. Wannan magana ɓatacciya ce tun daga tushenta.

Lissafin nan da yake tinƙaho da shi, wani masanin taurari da hisabi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya fito da shi a shekarun 1830, da nufin siffanta matsakaicin mutum cikin jama'a, sannan Ancel Keys na Amurka ya raɗa masa sunan da aka san shi da shi a 1972, bayan ya gwada shi a kan maza zalla. Ɗaukar hukuncin da aka gina a kan taron jama'a a ɗora wa gyatuma 'yar shekara tamanin, ai wannan shi ne abin da malamanmu na usulu suke kira ƙiyasi tare da bambanci. Sikeli ba ya rarrabe tsoka da kitse, alhali kuwa tsufa yana cinye naman jiki sannu a hankali, kitse kuma ya maye gurbinsa, ya taru a ciki, ya kutsa tsakanin tsokoki, har a tarar da tsohon da nauyinsa bai canza ba shekara ashirin amma cinyoyinsa sun zube, tumbinsa ya fito. Wani masani, Irwin Rosenberg, ya ba wannan zubewar tsoka suna tun 1989. Subhanallahi, ashe malam bai taɓa kama hannun mahaifinsa ya ji yadda damtse ya koma ba? Haka nan tsawon da ake raba nauyin da shi raguwa yake yi, domin ƙashin baya yana matsewa, gadon baya ya ranƙwafa, sai lissafin ya ƙara wa mutum ƙibar da bai yi ba.

Marubucin ya kuma yaba sikelin nan mai aika ɗan lantarki ta tafin ƙafa. Wannan na'ura ruwan jiki take bi, saboda haka tsohon da ƙafafunsa suka kumbura, ko yake shan maganin sa fitsari domin hawan jini, ba za ta faɗi gaskiya a kansa ba.

Awon kitse ta hanyar matse fata da awartaki kuwa, shi ma bai isa shaida ba, domin fatar tsoho ta saki, kitsen ma ya koma ciki inda awartakin ba ya kai.

Da ma igiyar awon tela ya ce a ɗaura wa tsoho a ƙugu, da mun saurara masa.