Amsar Takardu: Zancen Tafarnuwa a Miya

Wani malamin makaranta ya aiko mana da takarda, ya ce ya hana a sa masa tafarnuwa a miya, don kunyar abokan aiki da tsoron cutar da jama'a a sahu. Yana tambaya ko ya yi daidai.

To, Malam, niyyarka mai kyau ce, amma dokar ta yi tsanani. Malamai sun san ɗanya ce aka hana mutum ya ci ya shiga masallaci, kuma an ruwaito Sayyidina Umar ya yi umurni a kashe warinta da dahuwa. Ashe abin da ya rage shi ne sanin dahuwar.

Ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka sansana, ba ka jin wari sai kaɗan. Akwai abu biyu a cikinta, kowane da ɗakinsa, ba su haɗuwa sai wuƙa ko taɓarya ta rushe bangon. In sun haɗu sai su haifi alisin, wanda wani masani, Cavallito, ya ware a Amurka cikin 1944. Shi ne yajin, shi ne warin. Saboda haka dakakkiya ta fi yankakkiya ƙarfi nesa, wadda kuwa aka jefa cikin romo ɗungurungum, sai ta yi laushi har da ɗan zaƙi. Ga taka nan, Malam. Mai son ƙarfinta kuwa, a daka, a bar ta kamar minti 10 kafin ta ga wuta, gama zafi yana tsai da wannan haɗuwa.

Inda masu girki suka fi ɓata ta wajen suya ne. A bari albasa ta yi laushi tukuna, kana a zuba tafarnuwa, kada ta wuce minti guda a mai kafin jajjage ya biyo. In ta ƙone, ɗacinta ko daddawa ba ta rufe shi.

Sai gargaɗi ɗaya, don ya shafi rai. Kada a daka ta da yawa a nutsar cikin man gyaɗa a ajiye a ɗaki. Inda iska ba ta shiga, wata ƙwayar cuta tana iya yin dafi mai shanye jiki, ba kuwa lalle a ji wari ba. A daka ta yini ɗaya kurum, sauran a rataye a inuwa inda iska ke ratsawa.