Kwazazzaban Azbin Ba Duwatsun Zuru Ba Ne

Fataken Zuru masu niyyar Agadas ta Sakkwato da Birnin Ƙonni da Tawa sukan fara da lissafin haja da man mota, su bar ruwa a ƙarshe. Wannan ganganci ne. Duwatsun Zuru akwai rafuka da gonaki a gindinsu. Kwazazzaban Azbin kuwa busassu ne, in ruwa ya sauka kuma ambaliya ta tafi da mota. A shekarar 2013 ƙishirwa ta kashe mutum 92 arewa da Arlit, galibinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace. Wajibi ne ayari ya ɗauki jagora Ba'azbine wanda ya san rijiyoyi, ya rage haja domin jarkoki. Malamin da aka je wa neman sa'ar tafiya kuma, ya tambayi yawan ruwan matafiyi kafin a shafa fatiha.