Kada garin neman gira mu rasa ido

Jama'a, ku tuna ranar 19 ga Yuli 2024. Kamfanin CrowdStrike na Amurka ya tura ɗan gyara a manhajarsa ta tsaro, sai kwamfutoci masu Windows wajen miliyan 8.5 suka tsaya cak. Jirage suka kasa tashi, aiki ya rikice a asibitoci da bankuna. Ba ɓarayin intanet ba ne, gyaran ne ya zo da kuskure, aka kuma sakar wa kowa shi lokaci guda.

Wannan darasi ne ga matasanmu masu rubuta manhaja a Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram. Kayan aikinku ma ana yawan sabunta su, kuma sabon kan lalata abin da jiya yake tafiya lafiya lau. In haka ta faru, lissafin mai kantin maganin da ya ba ku amana ne zai dagule.

Ba mu ce a ƙi sabuntawa ba, don tana toshe ƙofar ɓarayi. Amma a gwada a kwamfuta ɗaya tukuna, a adana tsohon samfurin da bayanan mutane, in abu ya ɓaci a samu wurin komawa. Kuma don Allah, ban da ranar kasuwa.